Wai da ta fi yanzu? Mu tambayi Ƙonni da Adar

A hutun da na yi a gida Birnin Ƙonni bayan sallar layya, kusan kullum bayan isha'i nakan zauna a fadar ƙofar gidan kawuna, inda shi da abokansa suke shan shayi. Duk inda hira ta faro, ko kan kuɗin tiyar hatsi, ko canjin naira da sefa, ko labarin ɓarayin daji da suka ɗauke wani a ƙauyen bakin iyaka, wuri guda take ƙarewa: Allah ya jiƙan zamanin da. Wani dare kawu ya dube ni ya ce, "Ku ɗiyan yanzu ba ku ga duniya ba. Mu mun ga lokacin da mutum ke kwana a gona shi kaɗai, ba abin da yake tsoro sai kura."

Ban yi masa musu ba, don abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma na kwanta da tambaya a raina. Wannan "da" da muke yi wa addu'a, wace ce daga ciki? Ƙasarmu ta ga "da" iri-iri, kuma ba kowa ne ya sha ta da zaƙi ɗaya ba. Shi ya sa na ga ya dace mu ɗauko su ɗaya bayan ɗaya mu auna.

Mu fara da wadda aka fi alfahari da ita, wato kafin zuwan Nasara. Muna da abin alfahari kuwa. A ƙasar Ƙonni kakannin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka zauna, kuma a Maratta, kusa da Galmi, aka haife shi a 1754. A arewa da mu akwai sarautar Adar, wadda Agabba ɗan Sarkin Agadas ya kafa bayan yaƙin 1674, wadda daga baya ta zauna a Illela ta Adar. Akwai malamai, akwai fatake, akwai masaƙa da marina. Sai dai mu tambayi kanmu: me ya sa ake ce wa garinmu birni? Saboda ganuwa ce ta kewaye shi. Ba a gina ganuwa don ado. Tun daga jihadin 1804 har ƙarshen wannan ƙarni, wannan yanki yana tsakanin Sakkwato, da Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya, da Abzinawa irin su Kel Geres da suka mamaye Adar suna karɓar hatsi a hannun manoma. Yaƙi da hari ba baƙi ba ne, kuma ganimar da ta fi kowace daraja a lokacin ita ce mutum. Wanda aka kama a bakin rijiya ko a gona, in ba a fanshe shi ba, sai kasuwa. In muna ba da labarin wancan zamani, kowa yakan ɗauka kakansa yana kan doki ne. Ba wanda ke tuna cewa mai yiwuwa kakansa shi ne wanda aka ɗaure a bayan dokin.

Sai "da" ta biyu, ta Nasara. Ita ma akwai masu yaba ta, suna cewa a lokacin akwai doka, ɓarawo ba ya sakewa. To mu tuna yadda ta shigo mana. A watan Afrilu 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine ta gwabza da Sarauniya a Lugu, ta wajen Dogon Dutsi. A watan Mayu ta iso Birnin Ƙonni. Abin da aka yi wa garin nan yana cikin mafi munin abin da Turawan mulkin mallaka suka aikata a ƙasar Hausa: an karkashe jama'a ba adadi, an ƙone gidaje, an kwashi mata an tafi da su. Ɓarnar rundunar ta kai har gwamnatin Faransa ta aiko Kanar Klobb ya tsayar da su. Ya biyo sawunsu yana ratsa ƙonannun garuruwa, da ya cim musu a ranar 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa aka harbe shi. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojin Voulet da Chanoine suka kashe su a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa.

Abin mamaki ma, a takardar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a 1898, Ƙonni tana ɓangaren Ingila ne, don an zana da'irar mil 100 kewaye da Sakkwato an ce duk abin da ke ciki na Ingilishi ne. Sai a gyaran iyaka na 1904 da 1906 aka tura mu hannun Faransa. Ka ga ke nan layin da ya raba mu da 'yan uwanmu na Illelar Najeriya, wadda ba ta fi tafiyar 'yan mintuna a kan babur ba, alƙalamin wasu ne a Turai.

Abin da ya biyo baya tsofaffinmu sun ba mu labarinsa: lanho da ake karɓa ko damina ta yi ko ba ta yi ba, da aikin tilas na gina hanyoyi da ɗaukar kaya a ka, da ikon kwamanda na ɗaure mutum ba tare da shari'a ba. Ƙauyuka da yawa na bakin iyaka sun watse sun tsallaka Najeriya don gudun wannan. Ba a hana aikin tilas ba sai a watan Afrilu 1946. A cikin wannan zamani ne aka yi yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, aka kuma yi ta fara a 1931, kuma a duka biyun mutane sun mutu a kan hanya suna neman abin da za su sa a baki. Wanda ya ce ɓarawo ba ya sakewa a lokacin bai yi ƙarya ba. Sai dai talaka ma ba ya sakewa.

Da na matsa wa kawu da tambaya washegari, sai na gane ba waɗannan yake nufi ba. "Da" ɗinsa ita ce ƙuruciyarsa, daga ƙarshen mulkin Diori Hamani zuwa zamanin Seyni Kunce. A nan dole a yi adalci, don akwai abin kewa. Shekarun 1950 da farkon 1960 shekaru ne na ruwa a duk Sahel. Rumbuna sun cika, ana noman auduga a kwarin Majiya, ana barin gona ta huta shekaru kafin a koma mata. A lokacin aka kafa masana'antar siminti ta Malbaza, wadda ta daɗe ita kaɗai ce a ƙasar. Bayan Kunce ya karɓi mulki a ranar 15 ga Afrilu 1974, kuɗin uraniyom sun shigo, an gina hanyoyi da makarantu da ɗakunan shan magani, ma'aikaci yana tsoron taɓa dukiyar gwamnati. A wannan lokaci ne, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, aka gina babban filin noman rani na Ƙonni mai sama da hekta 2,400, wanda ke shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango. Har yau dubban gidaje da shi suke ci.

Amma wannan zamanin yana da ɗaya fuskar. Fari ya fara tun 1968, ya kai maƙura a 1973 da 1974, dabbobi suka ƙare, makiyaya suka koma bara a garuruwa. Yadda aka yi da abincin agaji na cikin dalilan da sojoji suka bayar na kifar da Diori. Shekara goma bayan haka, a ƙarƙashin Kunce ɗin da ake yabo, aka sake yin wata yunwar a 1984 da 1985. Mutanenmu suka sa mata suna El Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin Najeriya a watan Afrilu 1984, ya toshe hanyar da talaka ya saba bi ya nemo hatsi ko ya yi cin rani. Ba a buɗe ba sai 1986. Kuɗin uraniyom kuwa tun farkon shekarun 1980 suka fara ja da baya. Game da tsarin da ake yabo, mu tuna babu jam'iyya, babu jaridar da za ta ce uffan, kuma mutum kan yi shekaru a tsare ba a kai shi gaban alƙali ba. Djibo Bakary na Sawaba ya yi kusan shekara tara a tsare a wannan mulki. Irin fadar da muke zaune muna zagin gwamnati muna kurɓar shayi, a wancan lokacin sai an waiga hagu da dama kafin a buɗe baki.

Duk wannan lissafi na maza ne. Amsar da ta fi ratsa ni a cikin gida na same ta, wurin kakata wadda ta haifi uwata. Na same ta da hantsi tana tsintar wake, na ce, "Kaka, wai da ta fi yanzu daɗi?" Ta yi dariya ta ce, "Furar da ta fi ta yanzu, wannan kam gaskiya ne. Nono ma ya fi." Sai ta yi shiru, ta shiga lanƙwasa yatsu. Haihuwa goma sha ɗaya ta yi, huɗu suka rayu. Biyu ƙyanda ta ɗauke su a mako guda. Ɗaya zawo, ɗaya zazzaɓin damina, sauran ba ta ma san sunan ciwon ba, an dai ce iska ce. Ta ce, "Ɗiyarka nawa yanzu?" Na ce huɗu. "Nawa ka binne?" Na ce ko ɗaya, alhamdu lillahi. Ta ce, "To kai ma ka san amsa, me ya kawo ka wurina?"

Abin da kaka ta ƙirga da yatsu, alƙaluma sun tabbatar da shi. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijar a 1992 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa, 318 ba sa kai shekara biyar. Kusan ɗaya cikin uku ke nan. A binciken 2012 adadin ya sauko zuwa 127. Har yanzu yana da yawa, amma a tsakanin lambobin nan biyu akwai dubban ɗaruruwan yara da ke yawo a raye. Rigakafi, gidan sauro, ruwan gishiri da sukari, da dokar 2006 ta duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, duk sun taka rawa. Agana, wadda ta bar wa tsofaffi da yawa zane a fuska ta kuma makantar da wasu, an kawar da ita daga duniya, an yi shelar haka a 1980. Kurkunu, da ke kwantar da manomi a tsakiyar damina, an tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013. Lokacin da muka samu mulkin kai a ranar 3 ga Agusta 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. Yau asibitin Galmi, wanda aka kafa tun 1950, ba shi kaɗai ba ne madogara, kuma macen da naƙuda ta yi wa gardama tana da hanyar kwalta da wayar da za a kira mota.

A nan na gane wani abu da ya kamata mu riƙa tunawa. Masu ba da labarin da, waɗanda suka rayu ne. Yara bakwai na kakata ba sa zama a fada, ba za su ce mana da ta fi ko ba ta fi ba.

Akwai kuma waɗanda suke raye amma ba a tambayarsu. Wannan yanki namu, tsakanin Ƙonni da Illela da Madawa, ya yi suna da al'adar wahaya: mai hali ya sayi yarinya 'yar bayi ya ajiye ta a matsayin ta biyar, ba sadaki, ba haƙƙin matar aure, ga aikin gida da na gona. Wannan ba labarin ƙarni na 19 ba ne. A 1996 aka sayar da Hadijatu Mani tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa. Bayan an ba ta takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata shida, wai ta yi aure kan aure. A kotunan Ƙonni aka fara wannan shari'a. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun CEDEAO, kuma a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Dokar da ta mai da bauta babban laifi a ƙasar nan ba ta zo ba sai 2003. In wani dattijo ya ce da kowa ya san matsayinsa, yaro na ganin girman babba, bara na ganin girman ubangidansa, sai mu tambaya: wanda aka ajiye a ƙasa fa, shi ma yana kewar matsayin nasa?

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa kawu bai da gaskiya ko kaɗan. Yana da ita, a wurare uku aƙalla.

Na farko ƙasa. A 1960 mutanen Nijar duka ba su kai miliyan 4 ba. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 17, jihar Tawa kaɗai tana da sama da miliyan 3, kusan yawan mutanen ƙasar gaba ɗaya a ranar samun mulkin kai. Gonar da kakana ya noma shi kaɗai, yau gida fiye da goma ke rabonta. Ba a barin ta ta huta, taki ya yi tsada, burtali da makiyaya sun shige cikin gonaki, shi ya sa rigimar manomi da makiyayi ba ta ƙarewa. Saurayin da ya gama makaranta bai samu aiki ba, bai kuma gaji gonar da za ta riƙe shi ba, sai kabu-kabu ko sayar da man fetur a kwalba ko tafiya bida. In shi ya ce zamanin ubansa ya fi, ba mafarki yake ba.

Na biyu tsaro. Wannan kam ba musu. Shekara ashirin da suka wuce ba mu san garkuwa da mutane don kuɗin fansa ba. Yau ƙauyukan bakin iyaka suna kwana da ido ɗaya, ana kore shanu da dare, kuma mun ga 'yan gudun hijira daga jihar Sakkwato sun tsallako mana. Kwanan gona da kawu ke magana ya zama tarihi a wurare da dama.

Na uku iyaka da tsadar rayuwa. Ƙonni da iyaka take numfashi. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wuta, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Duk wanda ya ga yadda kasuwa ta mutu a watannin nan ya san abin da ake nufi da wahala. Amma ko a nan, El Buhari na tuna mana cewa wannan ciwo ba yau ya fara ba.

To me ya sa, duk da wannan gauraye, zuciya ke zaɓar mai daɗin kaɗai? Hausawa sun riga sun amsa: kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na ƙara da cewa mafi yawan abin da muke kewa ba zamanin ba ne, mu ne a cikin zamanin. Kawu yana kewar lokacin da gwiwarsa ba ta ciwo, iyayensa na raye, wani ne ke tunanin abin da za a ci gobe. Ni ma na fara kama kaina ina gaya wa yarana cewa a zamaninmu dala biyar tana sayen abin kirki, alhali wannan zamanin nawa shi ne na karyewar darajar sefa a Janairu 1994, lokacin da ma'aikata ke yin watanni ba albashi, makarantu na rufe saboda yajin aiki. Iyayena suna kuka da shi, ni ina wasan ƙwallo.

Haɗarin wannan kewa shi ne in ta zama siyasa. Wanda ya gamsu cewa komai na da ya fi, zai miƙa wuyansa ga duk wanda ya yi alkawarin dawo da da, ko da bulala ce. Zai kuma raina abin da aka samu da wahala, kamar rigakafi da karatun 'ya mace da 'yancin wanda kakansa bawa ne, har a wayi gari an rasa su.

Akwai hanyar da ta fi wannan, kuma a ƙasar Illela ta Adar aka nuna mana ita. Bayan yunwar 1984 ƙasa mai yawa ta zama fako, ruwa na zuba ya gudu, ko ciyawa ba ta fita. A 1989 wani shiri da asusun FIDA ke tallafa wa ya kai wasu manoman yankin Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda manoma irin su Yacouba Sawadogo suka gyara tsohuwar dabarar haƙa ramuka a gona. Mutanen Adar sun san dabarar tun da, suna ce mata tassa, sai dai an yi watsi da ita. Suka dawo suka faɗaɗa ramin, suka zurfafa shi, suka riƙa zuba taki a ciki tun rani, ruwan farko ya taru a nan a shuka hatsi. Daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonakin tassa suka ba da amfani inda na kusa da su suka ƙone. Daga nan maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci, a Badagishiri da kewaye, har fakon da ba mai so a kyauta ya zama abin saye da sayarwa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an tashi an ɗebo ta. Waɗannan manoma ba su zauna suna cewa Allah ya jiƙan lokacin da ƙasa ke da albarka ba. Sun zaɓi abu guda mai amfani daga da, suka ƙara masa ilimin yanzu, suka ɗauki haƙa. Haka albasar Galmi, irin kakanni ce, amma mota da waya ne suka kai ta kasuwannin Abijan da Akara da Kwatano.

Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya dace da mu. Gayya, da riƙon amana, da ciyar da baƙo, da barin gawo ya girma a gona, da sulhun manomi da makiyayi a gaban dattawa, duk na da ne, kuma muna bukatarsu yau fiye da jiya. Wahaya, da aurar da yarinya ba ta san kanta ba, da binne yara ana cewa iska ce, su ma na da ne. Kaya guda suka zo a ciki, aikinmu ne mu zazzage mu tsince.

Daren da zan koma, na gaya wa kawu abin da kaka ta ce. Ya daɗe yana juya kofin shayi a hannunsa. Shi ma ya binne ƙanne uku kafin ya yi kaciya, ya ce ya manta rabon da ya tuna da su. Sai ya ce, "Tsohuwa ta yi gaskiya. Amma kwanan gona fa, ɗana, shi ma gaskiya ne." Na ce haka ne, Kawu. Allah ya dawo mana da kwanan gona, ya bar mana yaranmu a raye.